Motar jagora a Washington: mun biya dala 360, ga abin da muka samu

Tun da muka dawo daga Amurka, duk wanda ya tare ni bayan sallar isha'i a masallacin unguwarmu da ke Agege tambaya ɗaya yake yi: "Alhaji, mutumin nan na Washington mai zagayawa da baƙi, ya ci kuɗinsa kuwa?" Amsa a tsaye, da takalmi a hannu, ba ta wadatarwa. Shi ya sa na zauna na rubuta komai, mai daɗin da mara daɗin, don wanda ke da niyyar zuwa ya san abin da zai saya.

Sana'ata dakon kaya ce, motocina suna ɗauka daga Apapa zuwa Arewa. Goro ne ya kawo kakana Agege, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. A watan Mayun 2024 muka je jihar Maryland ni da Hajiya, bikin kammala karatun 'yarmu ta fari. Da aka gama hidimar biki sai yarinyar ta ce, "Baba, ba za ku koma ba ku ga Washington ba." Ita ta nemo lambar mutumin a wani zauren WhatsApp na 'yan Arewa mazauna can. Ba zan faɗi sunansa ko na kamfaninsa ba, domin akwai inda zan yi ƙorafi, kuma na riga na faɗa masa a gaban idonsa. Ƙaramin kamfani ne, bas biyu masu kujera goma sha huɗu. Shi kansa Bahaushen zangon Kumasi ne, ya daɗe a Amurka, Hausarsa tana da ɗan karin mutanen Ghana amma ba abin da ba ka ji.

Bari in fara da kuɗi, tunda shi ne abin da aka fi tambayata. Dala 120 kowane mutum na yini guda, mu uku dala 360. A lokacin dala tana wajen naira 1,500, kowa ya buga lissafinsa. A takardar tallarsu an rubuta cewa kuɗin ya haɗa da na shiga duk wuraren da za a je. Wannan maganar ce ta fi ɓata mini rai daga baya, domin babu wuri ko ɗaya cikin inda ya kai mu da ake biyan ko sisi a ƙofa. Gidajen tarihin Smithsonian da ke Washington kyauta ake shiga, haka ma manyan wuraren tunawa da ke filin da suke kira National Mall. Asalin abin ma wasiyya ce: wani masanin kimiyya ɗan Ingila, James Smithson, wanda bai taɓa taka Amurka ba, ya rasu a 1829 ya bar dukiyarsa don a kafa cibiyar yaɗa ilimi a Washington, aka kafa ta a 1846. Gwamnati ke ɗaukar mafi yawan nauyinta har yau. Da na tuhume shi a kan haka, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, tikitin kyauta ne amma sai an kama shi a intanet tun da wuri, wannan wahalar muke ɗauke muku." Gaskiya ne akwai wahalar, kuma ya ɗauke ta. Amma na ce masa ya kira abu da sunansa. Ya rubuta kuɗin mota da jagora, babu wanda zai ce ya yi tsada. A kasuwa idan ka sayar wa mutum abin da daga baya ya gane kyauta ake rabawa, ko kayanka na da kyau ba zai sake sakin jiki da kai ba.

Ya ce mu shirya ƙarfe takwas, sai tara saura ya iso. Uzurinsa cunkoson hanya. Ba ɗan Legas za a ba labarin gosulo ba, mun san wanda ya san hanyarsa da wuri yake fita. Motar dai tsaf take, da sanyi, ya ajiye ruwan gora da dabino a kowace kujera. Mu goma sha ɗaya ne a ciki: mu, da wasu iyali daga Yamai, da wasu 'yan Ghana biyu.

Safiyar ba ta da wani dogon labari. Fadar White House daga bayan shinge, minti goma sha biyar, hoto, a koma mota. Ginin Majalisar Dokoki, hoto, a koma mota. Hasumiyar Washington mai tsawon ƙafa 555, wadda aka kammala a 1884, daga nesa muka tsaya. Wurin ajiye mota yana da wuya a tsakiyar birnin, don haka kullum sai an sauke mu da nisa an taka. Hajiya tana fama da gwiwa, kuma mun faɗa masa tun a waya. Da ya yi tunanin wannan da ya rage wurare.

A wurin tunawa da Abraham Lincoln na fara ganin amfanin mutumin. Ya hau da mu matakalar, ya tsayar da mu a kan wani rubutu da aka sassaƙa a ƙasa, wanda da mu kaɗai ne da mun taka shi mun wuce. Ya ce a daidai nan Martin Luther King ya tsaya ranar 28 ga Agustan 1963 ya yi wa mutum kusan 250,000 jawabi. Sannan ya juya ga Hajiya ya yi mata bayanin abin da aka taru a kai, da Hausa, dalla-dalla: yadda a kudancin ƙasar baƙar fata ba ya shan ruwa a famfo ɗaya da farar fata, ba ya zama a gaban bas, ba ya sa ɗansa a makarantar unguwar. Hajiya tana jin Hausa da Yarabanci, ba ta jin Turanci. Kwananmu tara a ƙasar, ranar ce ta farko da wani ya tsaya ya yi mata bayanin abin da take kallo da harshenta ba tare da ta jira ni ko yarinyar mun taƙaita mata ba. Tambayoyi ta dinga yi masa, yana amsawa da "Hajiya, ai abin ya fi haka." Wannan kaɗai ya biya rabin kuɗin a wurina.

Abu na biyu da na yaba shi ne salla. Ba sai da muka tambaya ba. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ya kai mu Cibiyar Musulunci ta Washington da ke titin Massachusetts, wadda aka buɗe a 1957, shugaba Eisenhower da kansa ya halarci buɗewar. Wurin alwala mai kyau, ɓangaren mata daban. Muka yi azahar da la'asar a haɗe, ƙasaru. Duk wanda ya taɓa yawo a baƙuwar ƙasa yana duba agogo yana neman lungun da zai shimfiɗa darduma ya san darajar wannan.

Daga nan ne ya yi kuskuren da ya fi kowane. Tikitinmu na Gidan Tarihi da Al'adun Baƙaƙen Fatar Amurka na ƙarfe biyu da rabi ne, amma sai ya biya da mu wani shagon tsaraba, riguna da kofuna da maƙalin makulli, muka ɓata wajen minti arba'in. Ƙarfe uku muka shiga, gidan kuma biyar da rabi ake rufe shi. Awa biyu da rabi ke nan a wurin da yini guda bai isa ba.

Tun daga waje ginin ya kama mini ido. Hawa uku ne masu buɗewa sama kamar an jera kwanduna, an lulluɓe su da faranti 3,600 masu launin tagulla, da huda-huda kamar saƙa. Jagoran ya ce, "Alhaji, kai da ka fito ƙasar Yarabawa, kalli wannan da kyau." David Adjaye, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, shi ya jagoranci zanen, kuma siffar ya ɗauko ta ne daga kambin da ke kan wani ginshiƙi da Olowe na Ise, masassaƙin nan na ƙasar Ekiti, ya sassaƙa. Shugaba George Bush ƙarami ya sa hannu a dokar kafa gidan a 2003, Barack Obama ya buɗe shi ranar 24 ga Satumban 2016. Hajiya ta ce da Yarabanci wani abu ga yarinyar, suka yi murmushi. Ni kam tunanina shi ne, ga aikin hannun mutumin Ekiti a tsaye kusa da hasumiyar Washington.

Fiye da rabin ginin a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma daga can ake farawa. Ana saukar da ku can ƙasa, shekaru suna komawa baya a jikin bango har zuwa wajen 1400. Da ka fito sai ka ji wurin ya matse, rufin ya yi ƙasa, haske ya ragu, mutane sun rage murya ba tare da an ce su rage ba. A jikin bango an jera sunayen jiragen ruwa, da adadin mutanen da aka loda, da adadin da suka isa da rai. Ni mai lodin kaya ne. Shekara talatin ina karanta takardar lodi, buhu kaza ya tashi, buhu kaza ya isa, a cire wanda ya lalace a hanya. Irin wannan takardar ce a gabana, sai dai mutane ne. Ƙafata ta yi nauyi a wurin.

Akwai wani ɗaki mai duhu da aka ajiye sandunan ƙarfe da aka tsamo daga wani jirgin Fotugal mai suna São José, wanda ya taso daga Mozambik zai tafi Burazil da mutum sama da 400, ya nutse kusa da Cape Town a watan Disamban 1794, mutum 212 suka mutu. Waɗanda suka tsira kuma aka sake sayar da su a can Cape Town. Jagoran ya tambaye ni ko na san amfanin sandunan. Na gane kafin ya faɗa: ɗan Adam bai kai kaya nauyi ba, kuma yana motsi, don haka sai an sa ƙarfe a ƙasan jirgi ya daidaita shi. Kusa da nan akwai mari, har da ƙanana waɗanda ba za su shiga ƙafar babba ba. Hajiya ta kalle su sau ɗaya ta ja mayafinta ta rufe baki.

A nan mutumin ya nuna ya yi karatun abin da yake sayarwa. Ya ce mutum kusan miliyan 12 da rabi aka loda daga Afirka, wajen miliyan 10 da dubu 700 suka isa, kuma waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su kai 400,000 ba. Burazil ce ta kwashi kusan miliyan 5. Ya nuna gaɓar tekunmu a taswira, ya ɗora yatsa a kan Legas da Badagry. Ya ce Hausawa da yawa ta nan aka fitar da su zuwa Bahia ta ƙasar Burazil, kuma a watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi bore a birnin Salvador, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Ya ce Turawa ne suka saya, amma a wannan gefen akwai masu kamawa da masu sayarwa, kuma sai a 1851 Ingila ta yi wa Legas ruwan wuta ta tsige Oba Kosoko ta maido da Akitoye, da hujjar hana cinikin. Wani daga cikin mutanen Yamai ya so ya musa, sai na tuna kakata tana ba mu labarin rinji da bayin gidan wane kamar labarin gona. A Arewacin Najeriya sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya. Na yi shiru.

Sannan ya ciro wayarsa ya nuna mana hoton wani shafi da rubutun Larabci irin na allo, irin hannun malamanmu. Ya ce na Umar ɗan Sa'id ne, malami Bafillace daga Futa Toro ta yankin Senegal, wanda aka sauke a Charleston ta Amurka a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1831 yana cikin bauta, kuma yana cikinta ya rasu. Rubutun yana Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki, a nan Washington. Ya ce mu karanta farkon. Tabaraka ce. Da Suratul Mulki mutumin ya buɗe labarinsa, surar da ke cewa mulki a hannun Allah yake, shi kuma yana hannun wanda ke cewa ya mallake shi. Jagoran ya ja ayar farko a hankali, Hajiya ta ɗauka ta ci gaba, matar nan ta Yamai ta bi ta. Ba zan iya kwatanta muku yadda na ji ba, a cikin wannan duhun, Turawa da baƙaƙen Amurka suna wucewa ta gefenmu.

Daga nan sai gaggawa. Mutum-mutumin Thomas Jefferson, wanda ya rubuta takardar 'yancin Amurka a 1776 alhali ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, da tubala a bayansa ɗauke da sunayensu: minti biyu. Bukkar bayi ta katako da aka ɗauko ɗungurungum daga tsibirin Edisto na Carolina ta Kudu: minti biyu. "Mu je, mu je, za a rufe." Taragon jirgin ƙasa mai ɓangaren farare da na baƙaƙe, ta gefensa muka wuce. Layin shiga ɗakin tunawa da Emmett Till, wani yaro baƙar fata da aka kashe, ya yi tsawo, ya ce ba lokaci. Benayen sama ko leƙawa ba mu yi ba. Hajiya kuma gwiwa ta riƙe, domin daga ƙasan da ƙafa ake hawowa ta doguwar hanya mai gangare. Sai da muka zo fita yarinyar ta gano cewa ana ba da aron keken guragu kyauta a ƙofar shiga. Wanda ya shekara yana kai baƙi wurin ya kamata a ce shi ya fara faɗa mana.

Bayan kwana biyu muka koma mu kaɗai. Yarinyar ta kama tikitin ranar da safe a intanet, ana sakin wasu da ƙarfe takwas da kwata, sauran kuma tun kwana 30 kafin ranar. Muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari muka sauka a tashar Federal Triangle, tafiya kaɗan ce daga nan. Muka karɓi keken, na tura Hajiya da kaina daga ƙarfe goma har aka rufe. Mun bi layin Emmett Till. Yaro ne ɗan shekara 14 daga Chicago, aka kashe shi a Mississippi a watan Agustan 1955 kan zargin ya yi wa wata farar mace rashin kunya, mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Akwatin ne a ɗakin. Ba a ɗaukar hoto. Hajiya ta ce, "Uwa ce kawai za ta iya wannan," ba ta ƙara magana ba har muka zauna a zauren da ruwa ke zubowa daga sama, inda aka tanada don mutum ya huce. A benayen sama muka ga kayan damben Muhammad Ali da jar motar Cadillac ta mawaƙi Chuck Berry, nan kam fuskoki sun saki. A gidan abincin ciki muka ci soyayyen kifi da burodin masara. Shawarar jagoran ce muka bi, domin tun ranar farko ya gargaɗe mu cewa girkin kudancin Amurka yakan sa naman alade a ganye da wake da miyar kuɓewa, a tambaya kafin a zuba. Ganin kuɓewa da wake da shinkafa a tarihin abincinsu ya sa Hajiya ta ce waɗannan ai 'yan gida ne.

Amma in faɗi gaskiya, a wannan zuwa na biyu mun yi kewar mutumin. Yarinyar tana karanta allunan tana fassarawa, tana ƙoƙari, sai dai ita abin da ke rubuce take faɗa. Shi kuwa ya san inda zai tsayar da Bahaushe.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya ɗauke shi: ka ɗauke shi, musamman idan kana tare da iyaye ko uwargida da ba sa jin Turanci. Amma ka yi ciniki da sharaɗi tun a waya. Ka ce ba ka son shagon tsaraba. Ka ce a kama tikitin gidan tarihin na ƙarfe goma na safe, a fita salla, a ƙarasa sauran wuraren da yamma, tunda a watan Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas, kuma wurin Lincoln ba a rufe shi. Idan akwai mai ciwon ƙafa, ka ambaci keken da bakinka. In kuwa kai matashi ne mai Turanci da ƙafa, jirgin ƙasa da wayarka sun ishe ka, ka riƙe dalolinka.

Shekara da shekaru motocina suna bin hanyar Badagry zuwa Seme, ni ma na bi ta ba adadi, ban taɓa ratsewa na shiga garin ba. A watan Agusta na kwashi jikokina huɗu muka tafi. Mun shiga barikin bayi na Seriki Abass, mun ga ɗakunan da ake tsare mutane, mun hau kwalekwale zuwa Gberefu muka taka har bakin teku inda ake loda su. Marin da aka nuna mana a can ƙirarsu ɗaya da waɗanda ke Washington. Na ɗauki hoto na tura wa jagoran. Ya kira ni a daren, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni izini in riƙa nuna wa baƙina?" Na ce na ba shi, da sharaɗin ya gyara takardar tallarsa. Ya turo mini sabuwar bayan mako guda, an cire maganar kuɗin shiga. Shagon tsarabar dai yana nan a cikin jerin.